Kullen da Ba a Janye Ba

  Jama'a masu sauraro, yau yawo za mu fita, daga cikin wani lungu zuwa bakin kasuwa, tafiyar da ba ta cika kilomita ɗaya ba. Sai dai ba da ƙafa za mu yi ta ba. A kan keken guragu za mu, saboda haka kowa ya gyara zama.

Kafin mu tashi, mu ɗan waiwayi lokacin kullen korona. Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar korona ta shigo Najeriya, a jikin wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas. Ranar 30 ga Maris aka rufe Legas da Abuja. Muna jin labarin a rediyo kamar gobarar wani gari, sai ga shi cikin Afrilu an kulle Daura. Ranar 16 ga watan gwamnatin Kano ta ce kowa ya zauna a gida, ranar 27 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙara wa ƙofar kwaɗo. Aka yi azumi babu zuwa tafsiri. Daga baya aka riƙa sassautawa ran Litinin da Alhamis, daga ƙarfe goma na safe zuwa huɗu na yamma, kowa ya yi rige-rigen cefane. Sai a farkon Yuli aka janye dokar. Mako 11 ke nan.

Kun tuna irin kukan da muka yi? Wannan ya ce gida ya zame masa kurkuku. Wancan ya ce ƙafafunsa sun kumbura don zama. Wani ya ce ya ƙirga azarar ɗakinsa har ya haddace.

A ƙaramin garinmu, ɗaya daga cikin hedikwatocin ƙananan hukumomi 44 na jihar Kano, ina da aboki mai gyaran rediyo da fitilar caji. Shan inna ce ta kama masa ƙafafu biyu tun yana yaye. Wataƙila ma rediyon da wani ke jin mu da shi yanzu ya taɓa bi ta hannunsa. Ana tsakiyar kulle na kira shi a waya ina ta ƙorafi. Ya bari sai da na gama tas, sannan ya yi dariya ya ce, "Malam, sannunku da zuwa unguwarmu. Mu nan muka daɗe."

A lokacin na ɗauka ba'a ce irin tasa. Sai ranar da na raka shi fitarsa ta farko na gane cewa magana ya yi mini, ni ne ban ji ba.

Gaskiya ɗaya da ya kamata a faɗa ita ce, a ƙananan garuruwa kullen bai yi tsauri irin na birni ba. Mai ƙafa yana da dabara. In an kafa shinge a bakin titi sai ya ratsa ta lungu, ya tsallake kwata, ya bi ta bayan makaranta, ya ɓulla ta gona. Mai keke ba shi da ɓarauniyar hanya. Hanya ɗaya ce kekensa ke iya bi, wato kwaltar da ta ratsa gari, kuma a kanta aka jera ganguna da katako mai ƙusa. Ranakun sassauci kuwa, awa shida da aka bayar, turmutsutsun da ake yi a bakin kasuwa ko mai ƙarfi da kyar yake fita da takalminsa. Abokina ya gwada sau ɗaya, aka tankwara masa ƙarfen gaba, ya haƙura. Saboda haka dokar da mu muka yi wa rabi da rabi, shi ya yi mata biyayya cif, ba don ya fi mu tsoron hukuma ba.

To, ranar fita ta zo. Na iske shi a soro da yaron shagonsa, sun fito da keken daga inda aka jingine shi. Irin mai ƙafa ukun nan ne, wanda ake tuƙawa da hannu, feda a gaban ƙirji, sarƙa ta sauka zuwa tayar gaba. Tayoyin baya biyu sun kwanta, robar ta tsattsage saboda zama wuri ɗaya. Sarƙar ta yi ja da tsatsa, don ruwan farko ya yi ta feshi ta tagar soron. Yaron ya cire tayoyin ya ruga wurin mai faci, shi kuma ya zauna a ƙasa yana ɗiga wa sarƙar baƙin mai da tsinken tsintsiya, gaɓa bayan gaɓa. Can ya buɗe mini tafin hannunsa ya ce, "Dubi nan." Kantar da shekaru suka gina masa ta yi laushi. Ya ce, "Hannun ango gare ni yanzu. Kafin azahar zai fashe."

Wannan abu ne da mai ƙafa ba ya kawowa a ransa. Ga mai keke, damtse da kafaɗa su ne cinya da ƙwauri. Mako 11 ba a motsa su ba, ƙarfi ya zube. Wanda kuma laka ta taɓu, wanda ba ya jin jikinsa daga ƙugu zuwa ƙasa, dogon zama wuri guda kan haifar masa da gyambo a mazaunai, gyambon da kan ci nama har ƙashi. Ka ga ke nan fita a wurinsu ba shan iska ba ce kawai, magani ce.

Cikas na farko a ƙofar gidansa yake: dokin ƙofa, wanda aka ɗaga don kada ruwa ya shiga soro. Yaro ya ɗaga gaba, ni na tura baya. Muka faɗa lungu. Ku tuna an rufe mu da rani ne, aka buɗe mu tsakiyar damina. Lungun da ya bari busasshe ya zama taɓo. Ga wani maƙwabci ya ci moriyar zaman gida ya ja katanga, ya zube tifar yashi ta cinye rabin hanya. Ga wani ya fito da bututun wankansa, ruwan ya haƙa rami ya raba lungun gida biyu. Ni taki ɗaya na yi na tsallake. Shi sai da muka koma da baya, muka zagaya ta wata unguwa.

Da muka hau kwalta na ce alhamdu lillahi, an huta. Ya ce, "Tukuna." Titin garinmu ba shi da gefen masu tafiya a ƙasa. Hagu da dama lambatu ne buɗe, mai zurfi har gwiwa, kowane mai shago ya ɗora falanki ɗaya ko siririn silab daidai faɗin ƙafar mutum. Keke mai ƙafa uku ba ya hawa falanki ɗaya. Wato duk shagunan da ke bakin titin nan, da kantin magani, da mai shayi, da mai POS, abokina yana ganinsu, yana jin ƙanshinsu, amma tsakaninsa da su akwai kogi. Sai dai ya tsaya a kan kwalta ya ɗaga murya, 'yan acaba da masu A Daidaita Sahu suna gogar gwiwar hannunsa, mai tifa yana danna masa oda kamar shi ya tare arzikin gari.

Muka isa wani ofishi da zai karɓi wata takarda. A bakin ƙofa ga na'urar wanke hannu ta zamanin korona, irin wadda aka yi ta yabo a lokacin saboda ba a taɓa ta da hannu: ka taka feda ɗaya sabulu ya zubo, ka taka ɗaya ruwa ya zubo. Mai gadi ya ce ba mai shiga sai ya wanke hannu. Abokina ya dubi fedar, ya dubi ƙafafunsa, ya dubi mai gadi. Ba wanda ya ce uffan. Ni na taka masa. Alhali duk cikin masu shiga ofishin nan babu wanda ya kai shi buƙatar ruwan, don shi da hannu yake tafiya. Bayan na'urar kuma ga matakala uku. Ana ta shelar a bar tazarar mita biyu tsakanin mutum da mutum, amma hanya ɗaya ta shigarsa ita ce ƙarti biyu su rungume shi su ɗaga. Ya ce a bar shi a waje. Ma'aikacin ya fito bayan rabin awa, ya miƙa masa takardar a rana.

Azahar ta same mu a masallacin bakin kasuwa. A nan ne zuciyata ta karye. Ya ajiye keken a gindin dalbejiya, ya zura silifa a hannuwansa biyu, ya sauka ƙasa. Tsakanin bishiyar da ƙofar masallaci wurin alwala ne, ruwa kwance, mutane suna kurkure baki suna zubarwa. Ta nan ya ja jiki, farar rigarsa tana sharar ƙasa, ya hau dakali, ya shiga sahu. Mutum ya yi wanka, ya sa sabon ɗinki, ya yi marmarin jam'i wata biyu da rabi, ga yadda ɗakin Allah da muka gina da kuɗinmu ya tarbe shi.

Da muka fito, yana ƙoƙarin hawa kekensa, wata baiwar Allah ta sunkuya ta ajiye masa naira hamsin a cinya. Ya ɗauka da ladabi ya miƙa mata, ya ce, "Hajiya, Allah ya saka da alheri, amma ni mai sana'a ne. Ga shagona can. In kina da fitilar da ta mutu, aiko da ita." Hajiya ta ji kunya, ni ma na ji. Ba mugunta ta yi ba. Abin da muka koya mata ke nan, cewa in ka ga mutum a kan keke, hannunka ya tafi aljihu. Ba a koya mana ido ya tafi kan matakala ba.

Tafiyar da nake yi cikin minti goma ta ci mana fiye da awa biyu. Hannunsa kuwa ya fashe kamar yadda ya faɗa.

Wannan namiji ke nan, mai sana'a, mai yaron shago, mai baki. Ku auna mace. Akwai wadda in za ta kasuwa ko asibiti take ƙin shan ruwa tun asuba, saboda ta san babu bayan gidan da kekenta zai shiga, kuma ba za ta yarda wani namiji ya ɗauke ta ba. Ku auna yarinyar da ajinsu ke hawa na biyu. Irin waɗannan ba ma ganinsu a titi, sai mu ɗauka babu su. Suna nan. Kulle ne bai sake su ba.

Jama'a, ba a rasa doka ba. A 2010 Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman. Ranar 23 ga Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna musu bambanci. Dokar ta tanadi tarar naira miliyan 1 ga kamfani, da naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutum. Ta ce a ba su fifiko a layi, a ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Ta ce jami'in da ya amince da zanen ginin jama'a wanda babu hanyar mai keke a cikinsa zai iya shan ɗaurin shekara 2. Ta kuma ba gine-ginen da ke tsaye wa'adin shekara 5 su gyara. A watan Agustan 2020, ana fitowa daga kulle, aka kafa hukumar ƙasa ta masu buƙata ta musamman. Wa'adin nan ya cika a Janairun 2024. To, mai sauraro, gobe in ka fita ka duba sakatariyar ƙaramar hukumarku, da ƙaramin asibiti, da kotu, da makarantar firamare. Gani ya kori ji.

Amma yau ba Abuja nake son mu tuhuma ba. Yawancin abin da ya tare abokina a ranar nan ba gwamna ne ya sa shi ba. Yashin maƙwabci ne. Bututun maƙwabci ne. Falankin mai shago ne. Dakalin da kwamitin masallaci ya ce wa magini ya ɗaga ne. Kullen korona da sa hannun hukuma aka yi shi, da sa hannun hukuma aka janye shi. Wannan kullen kuwa da cokalin magini muka gina shi, bulo bayan bulo, kowa a ƙofar gidansa.

In wani ya ce ai ba mu iya ba ne, ko ba mu san yadda ake yi ba, ina da shaida a kansa. Ku zagaya kowace unguwa ku dubi ƙofar gidan da ke da babur. Za ku ga a tsakiyar matakala an zuba siminti an yi 'yar siririyar gangara, don maigida ya tura mashin ɗinsa cikin soro da daddare. Babu wanda ya kafa doka a kan wannan. Babu wanda ya kira taron bita. Magini ya sani, maigida ya biya, don yana tsoron ɓarawo. Mun yi wa babur hanya, ba mu yi wa ɗan'uwanmu ba.

Kuma aikin ba wani sihiri ba ne. Ƙa'idar da masana gini ke bi ita ce, duk tsayin inci 1 a ba shi gangarar inci 12. Matakala mai tsayin bulo ɗaya, wato inci 9, tana son gangara mai tsawon ƙafa 9. Faɗinta kada ya gaza ƙafa 3, kada a shafe ta sumul ta yi santsi, kada kuma a sa mata tayil. Na faɗi haka ne don na sha ganin inda aka yi gangara don fita kunya, a tsaye kamar tsanin bene, wadda in mai keke ya hau sai ya kifa ta baya. Wata kuma an yi ta daidai, amma mai gadi ya ajiye bencinsa a kai, ko an kafa janareta. Kafin a zuba siminti a kira mai keke ɗaya ya gwada. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Haka batun keken kansa. Masu hali da 'yan siyasa kan sayo irin keken asibiti su raba, a ɗauki hoto. Allah ya ba da lada. Amma keken asibiti don daɓen siminti aka yi shi. Ƙananan tayoyinsa na gaba da sun taɓa yashi sai su nutse, in kuma wani abu ya karye babu kayan gyaransa a kasuwar ƙauye. Shi ya sa mutanenmu suka fi son mai ƙafa uku, wanda tayarsa da sarƙarsa na keken hawa ne, kowane mai faci da mai walda zai iya taɓa shi. Kuma su da kansu suke ƙera shi. A Kano ƙungiyar waɗanda shan inna ta shafa ta daɗe tana wannan sana'a. A Jos akwai cibiyar Beautiful Gate ta Ayuba Gufwan, wanda shi ma shan inna ta kama tun yana yaro, kuma a 2024 aka naɗa shi shugaban hukumar da na ambata. Babu nakasasshe sai kasasshe. A tambayi mutum irin keken da zai yi masa amfani kafin a saya masa, kuma a saya a hannunsu.

Abin da korona ta tona mana shi ne, gari yana iya sauya kamanninsa cikin mako guda in ya ga dama. Cikin 'yan kwanaki bokitin wanke hannu ya bayyana a ƙofar kowane ofishi. Teloli suka koma ɗinkin takunkumin fuska. Aka sauya ranakun kasuwa, aka hana ɗaurin aure mai taro, hakimi ya kira dagatai, dagatai suka kira masu unguwanni, sanƙira ya zagaya. Duk wannan mun yi shi ne don muna tsoron abin zai taɓa mu. Garin da ya iya haka ba zai ce buhun siminti biyu da silab mai faɗi sun gagare shi ba.

Saboda haka ga roƙona, kuma ba na kai shi nesa. Ranka ya daɗe hakimi, a sa Sarkin Guragu cikin masu zama in ana maganar kasuwa da tasha da magudanar ruwa, ba sai ranar rabon kayan azumi ba. Allah gafarta malam, liman, malamai sun karantar da mu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. A duba ƙofar masallaci, a fitar da hanya busasshiya wadda keke zai kai bakin sahu. Shugaban magina, ka gaya wa yaranka su riƙa tambayar mai gini, "Alhaji, ina hanyar keke?" kamar yadda suke tambayar inda za a sa taga. Mai shago, faɗaɗa silab ɗinka, ciniki ne kake korarwa. Direba da ɗan kamasho, keken mutum ƙafarsa ce, ba buhun masara ba ne da za a yi masa kuɗin kaya. Kai kuma mai tifar yashi, a bar wa mutane rabin lungu.

Kada wani ya ce wannan matsala ce mai ƙarewa. Gaskiya ne, ranar 25 ga Agustan 2020, mako kaɗan bayan an buɗe mu, aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, bayan an ga ta ƙarshe a Borno a 2016. Abin godiya ne. Amma waɗanda ta riga ta kama suna nan tare da mu, da 'ya'yansu da sana'o'insu. Kuma ba shan inna kaɗai ke ɗora mutum a keke ba. Akwai hatsarin babur. Akwai hawan jini mai shanye ɓarin jiki. Akwai ciwon suga mai cin ƙafa. Akwai tsufa, wanda kullum muke roƙon Allah ya kai mu. Matakalar da ka ɗaga yau kana da ƙarfi, wataƙila kai za ta tare gobe a ƙofar gidanka.

Kwanakin baya na bi ta shagon abokina. Na tarar ya tara kuɗi ya sa an zuba silab mai faɗi a kan lambatun da ke gabansa, har da 'yar gangara. Ya ce tun da aka yi ta, mai kurar ruwa ta nan yake bi, mai baro ta nan, tsohuwa mai sanda ta nan, har mai shagon kusa da shi ta nan yake shigar da babur ɗinsa. Na ce to ai sai ka fara karɓar kuɗin hanya. Ya yi dariya, ya ce, "A'a Malam, ni na san zafin a tare mutum. Kowa ya wuce."